Layin da na bi da safe shi ya ɗora ni a kan yashi da rana

Duk inda masu ƙananan jiragen ruwa suka taru, da wuya a watse ba a yi musu a kan manhajojin tuƙi ba, kuma ni a da ina cikin waɗanda muryarsu ta fi tashi. Wannan ya ce babu kamar Navionics, musamman tun da kamfanin Garmin ya saye ta a 2017 ta riƙa tafiya da na'urorinsa; wancan ya ce launukan C-MAP sun fi sauƙin karantawa; wani dattijo kuma ya ce shi OpenCPN ta ishe shi, tunda kyauta ce kuma ba ta neman kuɗin shekara. Na gwada uku daga cikin irin waɗannan manhajoji a cikin shekara biyu, na zauna a kan guda ɗaya, ina ganin na gama sanin ta ciki da waje. Wannan tunani shi ne ya ajiye ni da ƙanena kusan awa 5 a kan tudun yashi, jirginmu a karkace, rana tana dukan mu.

Da daddare na zana hanyar a kwamfutar hannu, ina zaune a gida, taswirar a buɗe yadda nake ganin gaɓar gaba ɗaya a allo ɗaya. Tafiyar ba ta fi mil 11 na teku ba zuwa inda za mu, sai na dasa ɗigo huɗu na haɗa su da layi. A bakin kogin, inda yake shiga teku, hanyar jirage tana yin gwiwa mai faɗi, ni kuma na ga ruwa shuɗi shimfiɗe a cikin gwiwar babu wata alama, sai na yanke ta na ja layina kai-tsaye. Ban zuƙo taswirar ba ko sau ɗaya. Har yau idan na tuna cewa yatsu biyu kawai zan buɗa a kan allon in ga abin da ke wurin, sai raina ya sosu.

Mun fita wajen ƙarfe 7 na safe, teku a cike, muka bi ta kan wurin salin-alin. Manhajar ta zana sawun da muka bi, siririn layi a bayanmu, kuma wannan sawun ne ya zame mini tarko. Da muka juyo wajen ƙarfe 11, ban ma duba hanyar da na zana ba, sawun safe na ɗora jirgin a kai, ina cewa a raina inda muka wuce lafiya ɗazu ai babu abin tsoro. Na'urar auna zurfi kuwa na riga na kashe mata ƙararrawa tun makonnin baya, saboda kukanta ya dame ni a wurin da muke ɗaure jirgi.

Ƙanena ne ya fara lura. Yana tsaye a gaba, ya juyo ya ce, “Yaya, tsuntsayen can fa a tsaye suke, ba iyo suke yi ba.” Na ɗaga kai na kalle su, na mayar da ido kan allo, na ga alamar jirginmu zaune daram a kan layin, na ce masa, “Kwantar da hankalinka, sawunmu muke bi.” Bai ƙara magana ba, don ba ya musu da ni. Ba a yi minti biyu ba na ji gindin jirgin ya goga, sannan wata ƙara mai nauyi ta taso daga baya, inda farfela ta sari yashi mai tauri, muka tsaya cak har kwamfutar ta zame daga mazauninta. Na sa injin baya, sai ruwan ya murtuke ya zama ruwan ƙasa, jirgin ko motsi bai yi ba.

A nan, ina zaune a jirgin da ya fara kwantawa gefe, na zuƙo taswirar a karo na farko. Shuɗin nan ya tsage, sai ga wani yanki kore ya fito, a tsakiyarsa lamba 0.8 da ɗan layi a ƙarƙashinta, wato wuri ne da yake fitowa fili ya bushe idan teku ta janye sosai. Bayanin yana cikin manhajar tun daren jiya, yana jiran in matso. Irin taswirar da mafi yawan manhajojin nan suke amfani da ita an gina ta ne hawa-hawa, idan ka ja baya sai ta ɓoye ƙananan bayanai don allo kada ya cunkushe, saɓanin taswirar takarda ko hotonta, wadda duk abin da aka buga a kanta yana nan ko ka matso ko ka ja baya. Na san da wannan a karance, har na taɓa yi wa wani bayaninsa.

Lissafin ruwan ma ba mai wuya ba ne, kuma shi ya fi ba ni kunya. Lambobin zurfi da ke kan taswira ana auna su ne daga matakin da teku take kai wa idan ta janye ƙwarai, sai mutum ya ƙara tsayin ruwan wannan sa'ar a kai. Lamba mai layi a ƙarƙashi kuwa, irin 0.8 ɗin nan, tsayin tudun ce sama da wannan matakin, don haka cire ta ake yi. Ran nan cikar teku ta kai mita 4.2, janyewarta kuma za ta sauka zuwa 0.6, tazarar mita 3.6 ke nan. Da safe akwai ruwa sama da mita 3 a kan tudun. Amma ruwa ba ya sauka daidai-wa-daida: in an raba tazarar kashi 12, awa ta farko kashi 1 take ɗauka, ta biyu 2, ta uku da ta huɗu 3 kowace. Bayan awa 4 kashi 9 sun tafi, mita 2.7 ke nan, abin da ya rage a kan tudun bai wuce santimita 70 ba, gindin jirgina kuwa yana shiga ruwa mita 1.1. Manhajar tana da ɗan tambari a kusa da bakin kogin wanda idan ka taɓa shi zai nuna maka hawa da saukar ruwa awa-awa. Shekara guda ina biyan kuɗinta ban taɓa latsa shi ba.

Wajen ƙarfe 1 ruwan ya ƙare ƙaf a kewayenmu, muka sauka muka taka yashin da ƙafa, na zagaya baya na tsuguna na ga fiffike biyu na farfelar sun lanƙwashe kamar kunnen tulu. Muka ɗauki anka muka kai ta can wajen ruwa mai zurfi muka kafa, don idan teku ta dawo kada ta ƙara tura mu sama. Na kira a tasha ta 16 ta rediyon jirgi na VHF, wato tashar neman agaji, na sanar da inda muke, na ce babu wanda ya ji rauni kuma ba ma shan ruwa. Ana cikin haka kwamfutar da na bari a rana ta yi zafi ta kashe kanta, sai da na naɗe ta a cikin riga na tura ta inuwa. Da a tsakiyar hanya mai duwatsu ta yi mini haka, ban san yadda za mu ƙare ba. Sai kusan ƙarfe 4 saura jirgin ya ɗago, muka lallaɓa gida a hankali yana karkarwa, domin sandar da ke juya farfelar ita ma ta ɗan goce. Mako 6 ya yi a kan tudu wajen gyara.

Daga baya wani ya ba ni labarin jirgin tsere na Vestas Wind, wanda a ranar 29 ga Nuwamba 2014, a gasar zagaye duniya ta Volvo, ya hau kan duwatsun Cargados Carajos a tekun Indiya da dare, da mutum 9 a ciki, dukansu ƙwararru. Binciken da aka yi ya nuna cewa a matakin da aka buɗe taswirar kwamfuta haɗarin bai fito sosai ba, sai an zuƙo. Ya faɗa mini ne don in ji sanyi, amma ni ban ji ba, domin su cikin duhu suke suna gudu a tsakiyar teku, ni kuwa da rana tsaka ne, da tsuntsaye a tsaye a gabana, da mutum yana nuna mini su.

Ban daina amfani da manhaja ba, kuma ban koma cikin masu cewa takarda kaɗai ce gaskiya ba. Hukumar NOAA ta Amurka ma ta daina fitar da taswirorinta na takarda na gargajiya, ta koma kan na kwamfuta. Abin da ya sauya shi ne abin da nake dubawa idan ana auna wata manhaja da wata. A da kyan launi da saurin zana hanya nake kallo. Yanzu ina so in ga ko tana barin alamar haɗari a fili idan an ja baya, ko zan iya gaya mata zurfin da jirgina yake bukata ta shafa wa duk abin da bai kai ba launi mai tsoratarwa, da kuma taɓawa nawa ke tsakanina da jadawalin ruwa. Zurfin da wasu manhajoji suke tattarowa daga na'urorin masu jirage yana da amfani a wuraren da hukuma ta daɗe ba ta auna ba, sai dai ina ɗaukarsa kamar labarin matafiyi, musamman a bakin kogi inda yashi yake ƙaura bayan kowace guguwa. Ina kuma tunasar da sababbin shiga su sauke taswira tun suna tudu, su tabbatar kwamfutarsu tana da GPS nata, domin iPad ɗin da ba ta ɗaukar layin waya ba ta da shi.

Duk hanyar da na zana yanzu sai na zuƙo ta har ƙarshe na bi ta da yatsa daga ɗigon farko zuwa na ƙarshe, aikin da ba ya cin minti 10, sannan in rubuta lokacin cika da na janyewar teku a takarda in manna kusa da sitiyari. Na mayar da ƙararrawar zurfi a mita 2, ta yi ta kukanta. Sawun ran nan kuwa ban goge shi daga manhajar ba, yana nan ya ratsa ta tsakiyar koren yankin, kuma duk lokacin da muka zo gwiwar nan muna zagayawa ta doguwar hanya, ƙanena yakan leƙa allon ya dube ni, ya ce, “Yaya, ko mu yanke?”