Tsutsar Acropora: magani na kashe uwa, ba ya taɓa ƙwai

A sana'ar rainon murjani babu abin da ke ƙona rai kamar tsutsar da ke cin Acropora (wani nau'in murjani mai rassa), wadda masana ke kira Prosthiostomum acroporae. Shimfiɗaɗɗiya ce, galibi 'yan milimita kaɗan. Tana cin naman murjani har da ƙwayoyin gansakukar da ke cikinsa, sai launinta ya koma na reshen sak. Ita ba ka ganinta, sai ɓarnarta: ƙananan tabo farare, kewayayyu, kamar milimita 1, yawanci a ƙarƙashin rassa da gindi inda haske bai kai ba. Daga nan launi ya dusashe, nama ya fara zamewa daga ƙasa.

Hanyar tabbatarwa mai sauƙi ce. Ka cika babban sirinji da ruwan tankin, ka fesa wa reshen da ƙarfi a cikin farin kwano. In tana nan, za ka ga abu mai ruwan ƙasa ya faɗo yana nannaɗewa.

Inda mutane ke faɗuwa shi ne ƙwai. Uwar na manna su gungu-gungu a kan ƙashin da nama ya bari, ko a jikin ɗan tubalin da aka dasa reshen. Maganin tsomawa irin su Coral Rx ko ReVive na kakkaɓe manyan, amma ƙwan ko gezau. A ruwan digiri 25 suna ƙyanƙyashewa cikin kusan mako 2 zuwa 3, in ruwa ya fi ɗumi su fi sauri. Wanda ya tsoma sau ɗaya ya ce ya gama, bayan wata guda zai dawo yana salati. Shi kuwa maganin Flatworm Exit na jar tsutsar da ke kwanciya a kan duwatsu ne, kada ka ɓata kuɗinka a nan.

A wurinmu masu raino da sayar da murjani, duk reshen da ya shigo sai mun yanke shi daga tsohon tubalinsa da filaya, mun zubar da tubalin. Mu duba gindin da gilashin ƙara girma, mu kankare duk ƙashin da ya mutu, mu shafe wurin da gam. Sai tsomawa na minti 5 zuwa 10 gwargwadon umarnin kwalba, ana motsa ruwan, a ɗauraye a ruwan gishiri mai tsabta. Ruwan maganin ba ya komawa tanki. Haka za a yi ta yi duk mako har mako 6 a tankin killacewa. Shi ya sa idan mai saye ya ce wani dillali ya fi mu araha, ba ma musu. Dillalin da ya karɓi kaya da safe ya sayar da yamma, ina ya ga lokacin duba gindi?

In ta riga ta shiga babban tanki, sai haƙuri. A kwashe Acropora kaf, har ɓawon da ya manne a dutse a fasa shi, don ko guntu aka bari ya ishe ta abinci. Tankin ya zauna babu Acropora na mako 8. Kifin Pseudocheilinus hexataenia, mai layi shida, na cinye manyan da ya gani, jatan landen Lysmata vittata har ƙwan yake ci. Suna rage ta sosai, amma wadda ta maƙale can tsakiyar rassa masu cunkoso sai dai hannu da magani.