Yadda ake ciro lambar launi daga hoto a waya, da abin da ke sa ta fito ba daidai ba

Wayarka ba ta san kalmar "ja" ko "shuɗi" ba. Kowane ɗigo na hoto, wato fiksel, lambobi uku ne a wurinta: yawan ja, yawan kore da yawan shuɗi, kowanne daga 0 zuwa 255. Wannan shi ne RGB. Lambar HEX kuwa waɗannan ukun ne aka dunƙule cikin alamomi shida, bibbiyu ga kowane launi. Misali #1E90FF na nufin ja 30, kore 144, shuɗi 255. Da wannan tsari ake samun launuka 16,777,216, shi ya sa ido kaɗai ba zai taɓa canko lambar ba.

A iPhone ba sai ka sauke komai ba, tun daga iOS 14. Buɗe hoton, shiga gyara, zaɓi Markup, taɓa da'irar launuka, sannan ka taɓa alamar nan mai kama da bututun ɗiga maganin ido. Ja gilashin da ya bayyana zuwa inda kake so, ka saki. A shafin Sliders za ka ga lambobin uku da HEX ɗinsu. A Android yawanci sai da manhaja: ibisPaint na da wannan bututun, Canva na jero manyan launukan duk hoton da ka ɗora, shafin Coolors kuma yana aiki daga burauza.

Wannan shi ne mai sauƙin. Inda ake tuntuɓe shi ne a ɗauka lambar da ta fito ita ce launin abin. A'a, launin ɗigon da ke cikin hoton ne, kuma tsakanin su biyun akwai tazara.

In abin da kake nema tambari ne ko zanen da aka yi a kwamfuta, za ka iya samun lambar cif-cif. Nemi asalin fayil ɗin, musamman PNG, domin ba ya zubar da komai wajen matsewa. JPEG kuwa yana rage bayanan launi don fayil ya yi sauƙi, kuma ɓarnarsa ta fi yawa a gefe-gefe, inda launi biyu suka haɗu. Zuƙo bakin harafi a hoton JPEG ka gani: za ka tarar da ɗigogi masu dishi-dishi da ba sa cikin zanen asali. Don haka ɗauki launi daga tsakiyar fili, nesa da baki. Hoton da aka turo ta WhatsApp an riga an sake matse shi, sai ka roƙi a turo maka shi a matsayin fayil.

Akwai wani tarko da ya fi wannan ɓoyewa, kuma a ganina shi ya fi cin mutane. Lambobin ba su da ma'ana sai an san ma'aunin da aka karanta su da shi. Intanet ta dogara da sRGB, amma tun iPhone 7 a 2016 kyamarar Apple ke ɗaukar hoto da Display P3, wanda ya fi faɗi. Jan da yake 255, 0, 0 a sRGB, in aka karanta shi da P3 sai ya koma wajen 234, 51, 35. Launi ɗaya, lamba biyu. Kafin ka kwafi HEX a iPhone, dubi rubutun da ke kusa da shi. In ya ce Display P3, taɓa shi ka mayar sRGB.

Hoton abu na zahiri, kamar yadi ko fentin bango, shi ne mai wuyar sha'ani, domin haske na shiga cikin lambar. Ƙwan lantarki mai ɗorawa-ɗorawa yana wajen 2700 a ma'aunin launin haske na Kelvin, hasken rana tsaka kuma wajen 5500, kuma kyamara na yin nata gyaran ba tare da ta tambaye ka ba. Ɗauki hoton da rana a inuwa, kashe filasha da duk wata tacewa, ka goge gilashin kyamara. Ajiye farar takarda ko katin toka-toka a jikin abin, su fito tare. Daga nan fara auna takardar. In ta ba ka 240, 228, 205, shuɗi ya yi ƙasa, hoton ya karkata zuwa rawaya. Gyara daidaiton fari a manhajar gyaran hoto ta Snapseed ko Lightroom ta hanyar taɓa takardar da bututunsu, har lambobin uku su kusanci juna, sannan ka auna abin da kake so.

Ko bayan haka kada ka amince da ɗigo ɗaya. Yadi na da zare da inuwar zare, kyamara kuma na da tsakuwa-tsakuwar da ke ƙaruwa in haske ya yi ƙaranci. Auna wuri biyar. In ja ya fito 182, 176, 179, 185 da 178, jimla 900, raba biyar, ka samu 180. Yi haka ga kore da shuɗi. Guji inda ke ƙyalli da cikin lanƙwasa.

Night Shift da True Tone, saitunan iPhone masu sauya launin allo, da rage hasken allo ba sa taɓa lambar, abin da idonka ke gani kawai suke sauyawa. Kashe su in za ka gwada launi da ido. In kuma ɗab'i za a kai aikin, ka sani injin bugawa da tawada kala huɗu da ake kira CMYK yake aiki, ba RGB ba, kuma shuɗi da kore masu tsananin haske kan dushe a takarda. Nemi a buga maka gwaji ɗaya kafin a saki sauran.