Wai mu nawa ne a Katsina?

Don Allah wa zai iya faɗa mani mu nawa ne a jihar nan? Ƙidayar ƙarshe tun 2006 aka yi ta, zamanin Obasanjo, aka ce Katsina mutum miliyan 5.8 ne, Najeriya duka miliyan 140. Jaririyar da aka raɗa wa suna a shekarar yanzu wata ma tana goye da nata. An sa ranar sabuwar ƙidaya a watan Mayun 2023, har an fara horas da ma'aikata, ana saura 'yan kwanaki gwamnatin Buhari ta ce an ɗage, shi kenan aka bar mu da kirdado.

Abin da ke ɗaure mani kai shi ne ƙidaya aikin Abuja ne, Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa kaɗai ke da hurumi, amma firamare da ƙananan asibitoci suna wuyan jiha da ƙananan hukumominmu 34, kuma kason da ake rabowa duk wata yawan jama'a na cikin abin da ake dubawa, to wanda zai gina aji bai san yaran da za su shiga ba, wanda ya kamata ya ƙirga su kuma yana jiran a sa mashi rana. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna matsakaicin haihuwar mace a Katsina 7.3 ne, mu ne kan gaba a lokacin, na ƙasa baki ɗaya 5.3. Ni fa ban ce kowa ya rage haihuwa ba, kar a ja mani magana, cewa nake a san da zuwan yaran.

Ga kuma gudun hijira. Mutanen ƙauyukan Batsari da Safana da Jibiya da 'yan bindiga suka tarwatsa, wasu suna cikin birni a kangaye ko raɓe gidan dangi, wasu sun tsallaka Maraɗi, amma a takarda har yau suna ƙauyensu. INEC na da nata lissafin, masu NIN na da nasu, masu rigakafi suna bi gida-gida da alli suna nasu, kowa da littafinsa a hammata.

A 2022 an ƙaddamar da sabon tsarin ƙasa kan yawan jama'a a Abuja. Madalla. Amma ni da za a ji tawa, a fara da masu unguwanni da dagatai, su ne ake sanar da su in an yi haihuwa ko rasuwa ko baƙi sun sauka, a ba su rajista da ɗan alawus, ƙaramar hukuma ta riƙa tattarawa duk wata tana miƙa wa jiha.