Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ranar da na sa hannu a yumɓu

A makon jiya na tsaya a inda na fita takaba, wata huɗu da kwana goma bayan rasuwar Malam, Allah Ya jiƙansa da rahama. Abin da ban faɗa muku ba shi ne, a cikin shekarar nan ce kuma takardar ritayata ta fito, bayan na cika shekara 35 ina aikin gwamnati. Mijin da nake dafa wa abinci ya tafi, ofishin da nake sammako dominsa ya sallame ni, yara kowa ya kama gabansa, sai Auta da ke jami'a take zuwa hutu. Sai in idar da sallar asuba, in yi azkar, in karanta izuna, in ɗaga kai in ga bakwai ba ta yi ba. Daga nan har la'asar babu mai nemana.

Wadda ke zaune a Zariya cikin dangi ba za ta gane kaɗaicin Abuja ba. Can ko ba ki fita ba, suna da biki da gaisuwa su za su shigo su same ki. A Kubwa kuwa sai ki yi wata guda ba ki ga maƙwabciyarki ba, sai dai ki ji tashin motarta.

Auta ce ta fara magana. "Umma, zaman nan zai kwantar da ke. Ki nemi abin da za ki riƙa yi." Na ce mata ai ina zuwa islamiyya Asabar da Lahadi. Ta ce, "Wannan daban, Umma. Ina nufin abin da ranki kawai yake so." Na yi shiru, domin a shekara 57 ban san amsar ba. Duk abin da na iya a duniya, wani na koya dominsa.

Ita ta duba a waya ta samo mini ajin masu fara koyon kek a Wuse, na mako shida. Malamar ta san aikinta, 'yan ajin kuma duk sa'o'in Auta ne. Ranar farko aka tambaye ni, "Hajiya, shago za ki buɗe ne?" Rabin darasin lissafi ne: nawa fulawa, nawa bota, nawa za a sa wa mai saye a Instagram. Ban ga laifin yaran nan ba ko kaɗan, neman na kansu suke yi a lokacin da aiki ya yi wuya, kuma ina yi musu addu'a har yau. Amma ni mai ciwon suga, in ɗauko kek in kawo gidan da babu mai ci, sai in bai wa maigadi. A mako na uku na daina zuwa. Na gwada wani wurin motsa jiki na mata zalla, sau biyu. Kiɗa ya cika mini kunne, gwiwa ta ƙi, likita ya ce tafiyar ƙafa da safe ta ishe ni.

Randa ce ta kai ni Ushafa. Ruwan firji ya fara damun haƙorana, raina ya biya ruwan randa irin na ɗakin kakata, mai sanyi da ƙamshin ƙasa. Wata tsohuwar abokiyar aikina ta ce mu je, ba nisa, a bi ta Dutsen Alhaji a kama hanyar Bwari, kusa da madatsar ruwan Usuma. Sunan garin na san shi tun 2000, lokacin da shugaban Amurka Bill Clinton ya ziyarce shi, muna ofis ana ta maganar. Shekaru sama da ashirin ke nan, ga shi a bayan gidana, ban taɓa taka shi ba.

Muna cikin ciniki na hango wata dattijuwa a inuwa. 'Yar ƙabilar Gbagyi ce, waɗanda muka saba kira Gwari. Tukunyar na zaune wuri ɗaya a kan wani tsohon turmi da aka kife, ita ce ke zagaya ta da baya-baya, a sunkuye. Hannun hagu a ciki yana tokarewa, na dama a waje yana jan yumɓun sama. Ta murza wani ya yi tsawo kamar igiya, ta ɗora a baki, ta shafe, ta ci gaba da zagayawa. Kafin abokiyata ta gama taya randa, cikin tulu ya fito sumul a gabana. Ban san lokacin da na ƙarasa na gaishe ta ba.

"Mama, kina koyarwa?"

Ta dubi hannuna, ga lalle ga zobba. "Hajiya, wannan hannun zai iya?" Na ce a gwada shi. Ta ce in zo Talata, in cire zobe, in yanke farce, in ɗaura tsohon zane.

Mako biyu cur ba ta bar ni na gina komai ba. Aikina tsince tsakuwa daga yumɓu, da daka tsingaro a turmi har ya yi gari, a haɗa a kwaɓa, a yi ta murzawa. Ta ce tsakuwa ɗaya ko iskar da ta maƙale a ciki ta isa ta fasa tukunya a wuta, garin tsingaron kuma shi ke ba ta ƙarfin jure zafi. Tukunyar da ta fashe ke nan ba a yar da ita, a cikin sabuwa take komawa. Da aka fara ba ni gini, jiri ya ɗebe ni a zagaye na biyar, gefe ɗaya ya yi kauri, ɗayan ya rufta. Ta dunƙule shi ta miƙo mini ba tare da ta ce uffan ba. Na sake. Ina cikin na huɗu na ji kiran sallar azahar, alhali a zatona ko sha ɗaya ba ta yi ba. Rabon da yini ya wuce mini haka tun Malam na da rai.

Wata rana muna hutawa ta ce in ba ta naira ashirin. Ta juya bayan takardar ta nuna mini matar da ke gina tukunya. "Ladi Kwali. Tamu ce." Kunya ta kama ni. Tun 2007 takardar nan ke wucewa ta hannuna, Janar Murtala kawai nake gani. Da na koma gida na sa Auta ta nemo mini labarinta. A fadar Sarkin Abuja Sulaimanu Barau wani Bature ɗan Ingila, Michael Cardew, ya ga tulunanta masu zanen kunama da ƙadangare da kada. A 1954 ta shiga makarantar ginin tukwane da ya buɗe, ita ce mace ta farko a wurin. Abujar da ake nufi ita ce Suleja ta yanzu, garin da sarakunan Zazzau na dauri suka kafa bayan jihadi ya fitar da su daga Zariya. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello, a garinmu, ta ba ta digirin girmamawa, lokacin ina firamare ban san ana yi ba. Ta rasu a 1984.

Labari ya kai Zariya. Yayar Malam ta kira ni. "Ashe ginin tukwane kika koma? Fanshon ne bai isa ba? Ki faɗa mana, ba ma bari matar ƙanenmu ta tozarta." Na ce, "Yaya, Alhamdu lillahi, ba abin da na rasa. Sha'awa ce." Ta ce sha'awar wasa da taɓo sai yara. Na san don ƙauna ta faɗa, amma maganar ta yi mini zafi, kuma ba don kaina kaɗai ba. Mun tashi muna shan ruwan randa, muna dafa tuwo a tukunyar ƙasa, a kai amarya da tulu, sannan mu raina hannun da ya gina su. Matar da ke koya mini da tukwanen nan ta yi wa 'ya'yanta makaranta.

Kasko uku na turaren wuta na fara gamawa. Suka sha iska a inuwa, na goge su da santsin dutse har suka yi ƙyalli, na yi musu ado da totuwar masara. Ranar gashi aka jera na kowa a fili, aka lulluɓe da itace da busasshiyar ciyawa, aka cinna. Da wuta ta ci ta lafa, aka jawo su da sanda suna da zafi, aka yayyafa musu ruwan makuba, na ɓawon ɗorawa, suka yi duhu mai sheƙi. Biyu daga nawa sun tsage. Mama ta ƙwanƙwasa na ukun da yatsa, ta kara a kunne, ta miƙo mini. "Wannan ya yi."

Na naɗe shi a mayafi na riƙe a cinya har Kubwa. Bayan magariba na zuba garwashi, na sa turaren da Malam yake so, na ɗauko mukullin ɗakinsa, wanda ban buɗe ba tun ranar sadakar arba'in. Abin da na tarar a cikin akwatin littattafansa, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.