Kafa ɗaya ko biyu?

Watannina na farko a ɗakin duba masu ciwon kunne da hanci da maƙogwaro, a wani asibiti nan Zariya, sun faɗo a tsakiyar hunturu. Layi har bakin ƙofa, kowa da hankici, kuma kukan ɗaya ne: mura ta ƙi tafiya. Sai hannuna ya saba da rubuta magani tun mutum bai gama zama ba.

Wata uwa daga Tudun Wada ta kawo 'yarta mai shekara 4, majina mai wari na zuba kusan wata biyu. An ba ta antibayotik a kemis, ni ma na ƙara mata wani. Bayan mako biyu suka dawo, warin sai abin da ya yi gaba, har yara a makarantar allo sun daina zama kusa da ita. Babban likitanmu ya leƙo, ko katin bai taɓa ba.

"Hajiya, ta kafar hanci ɗaya take zuba ko duka biyun?"

"Ta dama kaɗai, likita."

Ya haska tocila, ya sa ɗan ƙarfe, ya zaro guntun soson katifa da ya yi baƙi ƙirin. Bai yi mini faɗa ba, ni kuwa da faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ya yi mura ba ta zaɓen kafa. Majina mai wari ta gefe guda a yaro, a nemi abin da ya cusa: gyaɗa, wake, dutsen ado, ko ɗan batirin agogo, wanda shi ba a kwana da shi, don cikin sa'o'i yake ƙona naman hanci. Babba kuwa, in toshewar ta gefe guda ce ga haɓo, sai an leƙa da na'ura, don tsiro na iya ɓuya a can.

Tun ranar na koyi tambaya. Ta nan na gane da yawan masu cewa hancinsu a toshe yake shekara da shekaru, Otrivin, maganin da ake ɗigawa ko fesawa don buɗe hanci, shi ne ke riƙe da su. Maganin 'yan kwanaki ne, ba ya wuce mako guda. In aka zarce, hancin kan ƙara kumbura da zarar maganin ya sake shi. Wani tela a Sabon Gari kwalba uku ya zazzage mini daga aljihu. Raba shi da su ya fi komai wuya, domin feshin da muka ba shi a madadinsu sai ya yi makonni kafin a ji aikinsa, mutanenmu kuwa kwana uku ba sauƙi sun jefar. Na haɗa masa da wanke hanci da ruwan gishiri, dafaffen ruwa da ya huce, na ce ya rage turaren wuta da hayaƙin maganin sauro a shago. Da ya dawo bayan wata ɗaya, saura kwalba guda a aljihunsa, wai ta ko-ta-kwana ce.