Yadda ake rage wa radix sort yawan zagaye

Dabarar radix sort, wato wata hanya ta jera lambobi daga ƙarama zuwa babba, ta girmi kwamfuta kanta, domin da irinta injunan da suka samo asali daga aikin Herman Hollerith a Amurka suke tantance katuna masu huji, kafin Harold Seward ya tsara ta don kwamfuta a shekarar 1954. Ba ta gwada lamba da lamba. Tana rarraba su ne cikin rumbuna bisa gurbi ɗaya, daga na ƙarshe zuwa na farko, ba tare da ta hargitsa tsarin da zagayen baya ya bari ba.

Yawancin rubutun manhajar radix sort da nake gani a hannun ɗalibai a nan Damagaram da tushe 10 yake aiki, kamar yadda aka koya mana lissafi tun firamare. Mu ɗauki lambobin wayar Nijar, masu gurbi 8. Da tushe 10 sai an bi jerin sau 8, kuma kowane zagaye yana buƙatar lissafin rabawa don ciro gurbin, wadda take cikin ayyukan da suka fi yi wa kwamfuta nauyi. Amma lamba mai gurbi 8 ba ta wuce bit 27 ba (bit shi ne gurbi ɗaya a tushe 2, 0 ko 1), saboda haka idan aka yanka ta gida uku, kowane gida bit 9 da rumbuna 512, zagaye 3 ya wadatar, kuma gusar da bit tare da rufe sauran ya maye gurbin rabawa.

A ganina a nan ribar take, domin lokacin da ke tafiya wajen kai da komo tsakanin ƙwaƙwalwar na'ura, wato sashen da ke yin lissafi, da ma'ajiyarta ya fi na lissafin kansa. Sai dai kwaɗayi bai da amfani. Wanda ya ɗauki bit 16 don ya gama da zagaye 2 zai riƙe ma'auni 65,536, ɗaya don ƙirga abin da ya faɗa kowane rumbu, wato kilobayit 256 idan kowane yana cin bayit 4, alhali ƙaramar ma'ajiyar da ke kusa da ƙwaƙwalwa sau da yawa kilobayit 32 ce kacal, sai ya tarar gudun ya ragu.

Ƙidayar rumbunan dukan zagayen kuwa ana iya yin ta a karatu ɗaya tun farko, kuma idan ta nuna cewa lambobin duka sun faɗa rumbu guda a wani gurbi, sai a tsallake wannan zagayen ɗungurungum. Haka nan babu dalilin kwafo sakamako zuwa jerin asali bayan kowane zagaye. A tanadi jeri biyu, a riƙa musanya matsayinsu.

Idan akwai lambobin da ke ƙasa da sifili, a juya bit na alama, wanda ke nuna ko lamba tana ƙasa da sifili, kafin a fara, in ba haka ba za su koma bayan manya. Jerin da bai wuce lambobi ƴan kaɗan ba kuma, gara a bar wa insertion sort shi, wato dabarar saka lambobi ɗaya bayan ɗaya a inda suka dace, tun da share rumbuna 512 kaɗai ya fi aikin yawa.