Inda na kai da shirin semina a kan irin gawo

'Yan uwa masu digiri na biyu a fannin gandun daji da na lambu, ga inda aka kwana a shirin seminar ƙudurin bincikena. Aikin a kan tsirar irin gawo ne, Faidherbia albida. A sashenmu minti 15 ake ba ɗalibi, sai minti 10 na tambayoyi, kuma shugaban zama na tsayar da mutum ko da yana tsakiyar magana.

Gabatarwa na matse ta cikin silayid 2. Duk wanda ke ɗakin ya san gawo na zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, gero na yin kyau a ƙarƙashinsa, dabbobi kuma su samu 'ya'yansa lokacin da ciyawa ta ƙare. Misali ɗaya na bari: renon kututture, wato kula da tohon da ke fitowa daga kututturen itacen da aka sare, da Tony Rinaudo, masanin noma ɗan Ostireliya, ya fara da manoman Maraɗi a shekarun 1980, wanda ake ƙiyasin ya maido da itatuwa a hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Daga nan sai matsalar kanta, wato bawon irin na da tauri, ruwa ba ya ratsa shi da wuri, sai tsiro ya riƙa fitowa jefi-jefi.

Fiye da rabin lokacin na ba hanyar gudanar da bincike, domin a zaman da na halarta nan ne malamai ke tsayawa. Hanyoyi 4 zan gwada: jiƙa iri a ruwan zafi da aka sauke daga wuta, karce bawo da sanfefa, tsoma shi a asid sulfurik sannan a ɗauraye sosai, sai wanda ba a yi wa komai ba don kwatanci. Kowace hanya maimaici 4.

Tambayar da na tabbata za ta zo ita ce me ya sa na zaɓi tsarin gwaji na RCBD, wanda ake kasa wuri gida-gida kafin a rarraba hanyoyin ta ƙuri'a, na bar CRD, wanda ake rarraba su ta ƙuri'a ba tare da kasa wurin ba. Amsar tana cikin rumfar renon da zan yi aiki: gefen yamma na shan ranar la'asar, na gabas yana cikin inuwa, don haka sai an kasa wurin gida-gida, kowace hanya ta shiga kowane gida. Na zana taswirar jeren ledojin a silayid guda, ta fi dogon bayani saurin shiga kai. Za kuma a tambayi daga itatuwa nawa na tsinci iri, da yadda na ware wanda ƙwari suka huda, da abin da nake kira tsiro. Nawa shi ne ranar da ganyen farko ya leƙo saman ƙasa. Tsayi, kaurin gindi da yawan ganye duk mako zan auna. Lissafi ANOVA ne, mai nuna ko akwai bambanci tsakanin hanyoyin, da LSD, mai nuna wacce ta bambanta da wacce, a kashi 5 cikin 100, amma alƙaluman kashi cikin ɗari sai an juya su da dabarar lissafi ta arcsine tukuna. Masu aikin aure mangwaro ko lemo, ku ma wannan ya shafe ku in kuna ƙirga kason da ya kama.

Sauran sharuɗɗan ba su da wuya. Taƙaitaccen bayani shafi ɗaya da sa hannun sufabaiza mako guda kafin ranar, sunan kimiyya a karkace, harafin farko kaɗai babba. Tsofaffin takardu Acacia albida suke ce wa gawo, ku nema da sunayen biyu. Na buga silayid ɗin a takarda saboda wuta na iya ɗaukewa.

Abin da ya rage jadawalin aiki ne da kasafin kuɗi. Ranar Alhamis bayan la'asar zan yi gwaji a ɗakin karatun sashe, ina neman mutum ɗaya ya riƙe agogo, wani kuma ya matsa min da tambaya a kan asid ɗin.